Na Goma

Matakala goma sha huɗu zuwa ƙasa,
ƙarƙashin shagon gyaran takalma, a Almaty.
Ƙanƙara na narkewa a kafaɗar rigata.
Na biya kuɗin awa uku, aka ba ni kujera ta bakwai,
linzamin kwamfutar ya sha hannu har ya yi sulɓi.

Shekara biyu ina harbi cikin baƙin da ba sa magana,
mai fita ya fita, mai ashar ya yi asharinsa.
Dauren ne ya ce da ni, muna sauke kwalayen magani,
"Akwai inda ake wasa da tsari. Zo daren Laraba,
sa sunanka a layi. Wanda ya gudu ana tsaka da wasa,
mako guda ƙofa ba ta san shi ba."

Mutum tara na tarar, ni na cike goma.
Ƙararrawa ta buga: daƙiƙa sittin,
kowa ya danna ya ce yana nan.
Na danna da rawar jiki kamar za a ƙwace.

Kyaftin biyu suka fara zaɓe.
Aigerim ta ɗauki Nurlybek ko numfashi ba ta yi ba.
Temirlan ya ɗauki wani da ake ce wa Kerkeci.
Sunaye suka yi ta tashi daga layi
kamar tsabar da kaji ke tsincewa,
har ya rage ƙwaya ɗaya a faifai.
Ba a zaɓe ni ba. Ragowa na yi, aka ba Aigerim.

Ta ce, "Sabo, makirfonka na aiki?"
Na ce eh.
"To buɗe shi. A nan baki ne bindigar farko."

Ashe taswirar da na ɗauka na haddace
kowane lungunta da sunan yanka:
Ƙofa Biyu, Rami, Tagar Kaka, Shuɗin Akwati.
Baƙo ko da ido makaho ne.
Na hango mutum, na ƙwala, "Ga shi can! Can!"
Nurlybek ya faɗi. Daga cikin mutuwarsa
ya tambaye ni a natse,
"Can ɗin nan, a wace unguwa take?"

Na jefa hayaƙi, ya rufe idon mutanena.
Na sayi babbar bindiga a zagayen da kowa ke tsimi.
Ba wanda ya zage ni,
kuma wannan ya fi ciwo.
Zagi ka san inda za ka ajiye shi.

Zagaye na sha tara, huɗu sun kwanta, saura ni.
Matattun wasan nan ba sa zuwa ko'ina,
idonka suke shiga su zauna.
Mutum huɗu a ƙwayar idona, ba mai ko tari.
Na ji taku a kunnen hagu, kan ƙarfe.
Na juya dama.

Na ashirin, ni aka fara kayarwa.
Amma kafin allon ya gama yin toka-toka
bakina ya riga ni:
"Biyu a Rami, ɗaya ya ji rauni, mai bam na baya."
Shiru.
Sai gurnetin Aigerim ya bi maganata
kamar ɗan aike da ya san gida.
Nurlybek ya ce, "Yawwa." Bai ƙara ba.

An cinye mu, sha uku da tara.

A waje ƙanƙara ta binne sawun da muka zo da shi.
Mai muryar nan ashe 'yar guntuwa ce,
jakar makarantar likitan haƙori a bayanta,
tana hura samsa mai zafi tsakanin yatsu.
Ta ce, "Laraba. Kada ka makara.
Tara ba sa wasa."

A motar ƙarshe ta dare, goshina kan gilashi,
ina bita ƙasa-ƙasa: Rami, Ƙofa Biyu, Tagar Kaka,
har tsohuwar da ke kusa da ni
ta ɗauka addu'a nake, ta gyara zama.